Ƙaguwa Mai Hannu Ɗaya

Juma'a, 4 ga Oktoba 2024
Yau ma ban zauna a tiren shinkafar kabsa ba. Tun da injin warsha, wurin aikinmu, ya murƙushe min hannun dama, yatsun sun ƙi rufuwa. Rubutu dai na yarda in yi da hagu, ga shi nan kamar tonon kaza. Amma ci? A gaban surukai? Halas, magana ta ƙare, ba ni ba. Mastura ta ce za ta ba ni a baki. Na ce mata ni mijinta ne, ba jinjirinta ba.

Litinin, 7 ga Oktoba
Shayi da dabino. Wando ya fara zamewa. Ya zame mana.

Laraba, 9 ga Oktoba
Hatim ƙanina ya ja ni bakin teku, bayan unguwar Khumra, wai in sha iska. Ruwa ya janye, taɓon cike da ƙananan ƙaguwa. Namijin hannunsa ɗaya ƙato ne kamar filaya, ɗayan ɗan tsito. Sai ɗaga ƙaton yake yana yi wa kowa barazana. Na kama ɗaya, na danna bayansa da babban yatsa, ɓawon ko gezau. Ya dantse ni har jini. Wallahi ya burge ni. Namiji ke nan!

Juma'a, 11 ga Oktoba
Surukai sun ci, ina ɗaki ina jin ƙarar cokula. Hatim ya leƙo, wai liman ya ce lalura ta halatta hagu. Na sani. Ba liman zai zauna ana kallonsa ba. Mastura ma ba ta ci ba, na ga farantinta a rufe. Wannan kam ya ɓata min rai.

Talata, 15 ga Oktoba
Na sa Hatim ya mai da ni taɓon. Na daɗe ina kallon wani namijin ƙaguwa. Ashe ƙaton hannun ba ya kai komai baki, na faɗa ne kawai da burga. Da ɗan tsiton yake tsintar abinci, sauri-sauri, ko kunya babu. Hatim ya buɗe baki, na ce ya yi min shiru.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Sayadiyya aka yi, shinkafa da kifi. Na zauna a tire, na sa hagu. Shinkafa ta zube min a jallabiya, ba wanda ya ɗago kai. Mastura ta tura min kifi gabana, ta ci nata har da ƙari.

Ba wai na sauka daga maganata ba ne. Gishiri ma ya yi yawa.