Inna, Yanzu Kawu Bawa Ne Ke Karkata Kai

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum, Inna. Allah Ya sa kina cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba. Ko kina raye ma ba ki iya karanta ta, sai dai in zauna ta gefenki na dama in karanta miki kamar yadda muka saba.

Gida lafiya. Albasar fadama ta yi kyau bana, jikarki Safiya kuma ta fara tafiya, goshinki ta ɗauko sak. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ciwon idonki ya kama wanki, Kawu Bawa.

Kin tuna ranar sunan jikansa a Kagara? Lokacin tsakiyar ganinki ya riga ya tafi, duk abin da kika sa wa ido sai ya rufe, ta gefe kawai kike gani. Ya tsaya gabanki ba ki gane shi ba. Da ya yi magana kika karkata kai don ki samo fuskarsa ta gefen ido, a wurinmu kuwa wannan harara ce. Ana cikin haka kaza ta zo ta gefe za ta sa baki a tuwo, kika kore ta. Nan ya ce a bainar jama'a, "Wace irin makauniya ta, da ka ganin kaza ba ta ganin wanta?" Aka kwashe da dariya.

Tun ranar ba ki ƙara fita ba. Shekara uku ba biki, ba ta'aziyya, ba kasuwar Goronyo. Zare ya ƙi shiga allura, tsintar shinkafa ta gagare ki, Alƙur'aninki sai dai ki shafa, duk kin jure. Kiran ki maƙaryaciya ne ya kwantar da ke. Likitan ido a Sakkwato ya ce ba yanar ido ba ce, shekaru ne suka cinye tsakiyar ganin suka bar gefe, ya ba ki madubin ƙara girman rubutu. Na kai wa Kawu wannan bayani, ya ce likitan ma kin yi masa wayo.

Akwai abin da ban taɓa neman gafararki a kai ba. Ni ma na gwada ki. Na tsaya gabanki shiru ina miƙo miki goro, don in ga ko za ki karɓa. Ba ki ga goron ba, amma kin gane bakin zanena ta gefe, kika tambaye ni ko har da ni. Har yau kunyar ba ta sake ni ba.

Yanzu Kawu yana wuce liman bai gaishe shi ba, yana zuba shayi a gefen kofi. Ya aiko yana roƙon madubinki. Hanyar asibiti na kwatanta wa 'ya'yansa, ban hana shi magani ba. Madubi kuwa yana cikin akwatinki, ba ya fita sai ya tara mutanen da suka yi dariya ya faɗa da bakinsa cewa ba ki yi ƙarya ba. Na san za ki ce in yi haƙuri. Wa ya yi miki haƙurin? Ke kin yafe kafin ki tafi, ni ban yafe ba.

Jiya na je gaishe shi. Shekara uku a gefenki sun koya mini inda ake tsayawa don mai irin idonki ya ga mutum. Sai na tsaya masa a tsakiya sosai. Ya yi ta karkata kai yana neman fuskata, ni kuma ina matsawa. Da ya gaji, na durƙusa da ladabi na ce, "Kawu, mi na yi maka kake hararata?"

Ranar Juma'a zan koma.

Ki kwanta lafiya, Inna. Allah Ya haskaka kabarinki.

'Yarki mai zama a gefenki na dama,
Hajara