Ham Ɗin da Ya Yi Kiɗa a Jana'izar Malam Ndakotsu

Daga: Ayuba Ɗanlami Kagara,
Direban a-kori-kura,
Unguwar Limawa, Minna.

Litinin, 28 ga Maris, 1988.

Zuwa ga: Shugaba,
Ƙungiyar Makanikai da Masu Haɗa Wayar Mota,
Minna, Jihar Neja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN MALAM MIKA'ILU MAI REWAYA, ƊAN ƘUNGIYARKU, BISA AIKIN WAYA DA YA YI A MOTATA DA MAGANAR DA YAKE YAƊAWA A KAINA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina neman izinin shigar da wannan ƙorafi a gabanka. Ni direba ne, shekarata hamsin da bakwai. Ina da Pijo a-kori-kura da nake ɗauko doya da ita daga Garatu zuwa kasuwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan kuma, duk wanda Allah ya yi wa rasuwa a layinmu, da wannan motar ake kai shi maƙabarta, ban taɓa karɓar ko sisin kowa ba. Kwana goma sha shida na yi ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin maganar ba ta da daɗin faɗi, kuma akwai nawa laifin a ciki. Ga yadda abin ya kasance.

1. Ranar Litinin, 7 ga Maris, da hantsi, na kai motata rumfar Malam Mika'ilu don ya ɗaura mini ham mai kiɗa, irin mai ƙaho biyar da matasan direbobi suke yayi yanzu. Ranka ya daɗe, ba sai an tambaye ni ba, na sani ba abin da mai furfura kamata zai yi da wannan abu. Na ji shi a motar wani a tashar Garatu, ya burge ni, na saya. Ban ko faɗa wa mai ɗakina ba, don na san abin da za ta ce.

2. A ƙa'idar sana'arku, kamar yadda aka fahimtar da ni daga baya, irin wannan ham ana ja masa wayarsa daban daga batir, a sa masa fis nasa, sannan a kai ga maɓalli. Malam Mika'ilu bai yi haka ba. Ya shiga ƙarƙashin sitiyari, ya fere wayar da ke bayan makunnin fitilun haɗari, waɗanda muke kira dabul sigina, ya murɗa wayar ham ɗin a jikinta da yatsa. Wannan waya kuwa kullum da wuta take, ko an zare makulli. Bai naɗe mahaɗin da salatif ba, ledar burodi ya yaga ya ɗaure.

3. Da ya gwada, fis ya ƙone. Ya sa wani, ya sake ƙonewa. Sai ya ciro takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, ya naɗe mataccen fis ɗin da ita, ya mayar. Dole in faɗi gaskiya a nan: ina tsaye a kansa na ga haka da idona. Shekara talatin ina tuƙi, na san fis ba ya ƙonewa a banza. Amma ham ɗin ya yi kiɗa, mutane sun taru suna dariya suna yi mini barka, daɗi ya rufe mini baki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan na ɗauka a kaina.

4. Ranar Asabar, 12 ga Maris, da safe, Allah ya karɓi ran maƙwabcina, Malam Ndakotsu, tsohon ma'aikacin reluwe. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Duk Limawa an san cewa shekara biyu ba ma gaisawa, saboda kwatar da ke fitowa daga gidana ta bi ta gindin katangarsa. A kan ruwan wanke-wanke, ranka ya daɗe, muka zubar da zumuncin shekara ashirin. Ya yi jinya wata uku ban leƙa ba, kullum ina cewa gobe. Da na ji kukan mata ta kan katanga, ban jira a aiko ba. Na je na durƙusa gaban babban ɗansa, Jiya, na roƙe shi ya bar ni in kai mahaifinsa. Da ƙyar ya yarda. A zuciyata wannan ce gaisuwar da ban yi ba, ita kaɗai ta rage mini.

5. Bayan an yi salla da misalin ƙarfe sha ɗaya, aka sa makara a bayan mota, Jiya da ƙannensa biyu suka zauna suna riƙe da ita. Na tayar a hankali, jama'a na biye. Da muka hau babban titi na ja makunnin fitilun haɗari, kamar yadda nake yi a kowace jana'iza don masu ababen hawa su ba mu hanya. Ban kunna su ba tun ranar da aka yi aikin. Ina ja, ham ya ɗauki kiɗa. Ba ƙara ba ce irin ta neman hanya, kiɗa ne sosai, irin wanda ake rako amarya da shi.

6. Ina rantsuwa da Allah, hannuna bai taɓa maɓallin ham ba. Na mayar da makunnin, bai tsaya ba. Na kashe mota na zare makulli, yana yi. Yana kaiwa ƙarshe ya sake ɗaukowa daga farko. Na fito na buɗe bonet, sifanar da zan kwance kan batir da ita ta faɗi ƙarƙashin mota, na kwanta a kan kwalta da farar rigata ina lalube. Masu shaguna sun fito, wasu da ba su ga makarar ba har suna tafi. Sai da na cire kan batir sannan aka ji shiru. In na mayar, kiɗa ya dawo. Haka 'ya'yan mamacin suka sauke mahaifinsu, jama'a suka karɓa a kafaɗa, suka ƙarasa da ƙafa cikin ranar nan ta Maris. Ni kuwa aka bar ni a tsakiyar titi da kan batir a hannu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige. Ban iya bin su maƙabarta ba, ban zuba masa ƙasa ba.

7. Da yamma aka turo motar ƙofar gidana. Maƙwabcinmu Malam Ernest Gaiya, wanda ya yi aikin lantarki a reluwe tare da marigayin, ya haska ƙarƙashin sitiyari da tocila, bai taɓa komai ba. Ya nuna mini inda ledar ta zame, tsirarar wayar ta taɓa ƙafar maɓallin ham lokacin da na ja makunni, zafi ya narkar da su suka manne. Ya ce da fis na gaskiya ne a wurin, da tun ƙarar farko ya ƙone, magana ta ƙare.

8. Duk wannan, ranka ya daɗe, da na haƙura na ce tsautsayi ne. Abin da ya kawo ni gabanka shi ne, tun ranar Litinin, 14 ga Maris, Malam Mika'ilu yake faɗa a rumfarsa da wurin mai shayi cewa aikinsa lafiya lau yake, ni na danna ham da hannuna don murnar abokin gabata ya mutu. Na je wurinsa sau biyu, ranar 15 da ranar 18, na roƙe shi ya zo ya duba, ya ce ba shi da lokaci. Na gane tsoron rasa masu kawo masa aiki ne ya sa shi haka. To amma shi kasuwarsa yake karewa, ni kuwa mutuncina ya jefa a kwata. Kuma maganar ta zauna, domin kowa ya san gabar da ke tsakanina da marigayin. Na je zaman makoki ranar uku, Jiya ya tashi ya shige gida. Mahaifiyarsa, Hajiya Larai, wadda ta yi wa matata wankan jego har sau huɗu, ta aiko a gaya mini ta gode da kiɗa.

9. Ranar Talata, 22 ga Maris, an yi rasuwa a layinmu, gida na huɗu daga nawa. Ina zaune a ƙofar gida aka wuce ni aka je tasha aka yi hayar mota. Ba wanda ya dubi inda nake, kuma ban ga laifinsu ba.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon ƙungiya abubuwa kamar haka. A turo manyan masu rewaya biyu su duba wayar a gaban Malam Mika'ilu da Malam Ernest. Motar tana nan yadda aka turo ta, ban sake fita aiki ba, kuma makullinta yana hannun Mai Unguwa tun ranar jana'izar, don kada a ce na taɓa wani abu. A rubuta abin da aka gani da hatimin ƙungiya, har da cewa na ga an naɗe fis na yi shiru, kada a ɓoye wannan don a rufa mini asiri. Sannan a cire ham ɗin, a yi duk abin da aka ga dama da shi, kada a mayar mini.

Ba na neman a rufe rumfar Malam Mika'ilu, yana da iyali. Ba na neman diyyar kwanakin da na yi a zaune. Takardar kawai nake so, wani daga cikinku ya raka ni, a karanta ta a gaban Jiya da mahaifiyarsa kafin sadakar arba'in. Na gyara kwatar tun ranar 13 ga wata, na juya ta ta bayan gidana, aikin da bai ɗauke ni wuni ɗaya ba. Wanda ya kamata ya gani ba ya nan. Iyalinsa kaɗai suka rage da zan iya neman gafararsu, kuma ba za su saurare ni ba muddin suna ganin na yi wa gawarsa kiɗa da gangan.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci. Ina jiran amsarka da dukkan biyayya.

Naka mai ƙasƙantar da kai,

Ayuba Ɗanlami Kagara
(Sa hannu)

Kwafi zuwa ga: Mai Unguwar Limawa.