Zaman Makokin Séraphin

Treichville, Abidjan
4 ga Mayu

Zuwa ga abar ƙaunata Massandjé,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Baba? Ya fara cin abinci kuwa? Ki gaishe shi, ki ce abokiyar hayarki ta Abidjan tana yi masa addu'a, tunda matsayin da ya san ni da shi ke nan. Na ba matar nan mai goro takardar ta miƙa miki hannu da hannu, don na san wayarki tana yawo a hannun ƙannenki can Odienné.

Ni lafiyata ƙalau. Raina ne a ɓace, kuma ba na so ya huce.

Séraphin ya ci amanarmu. Kin tuna shagalin da muka yi a Tsakar Gida, gidan ƙungiyarmu ta masu buga zane, ranar da muka gama buga zanen matan Abobo-Doumé masu bandar kifi? Yana ta zagaye da kyamara, yana cewa hotunan na tunawa ne, ba za su tsallake ƙofa ba. Ba wanda ya yi shakka. Ai da shi muka kafa ƙungiyar, kuma bakinsa ne ya fara furta dokarmu: duk abin da mutum ya kawo mana, labari ne ko waƙa, ba ya fita sai mai shi ya tsaya gaban kowa ya ce ya yarda, fuska kuwa ba ta fita ko da ya yarda. Dalilin da ya sa ke nan muke barin da'ira fayau a gurbin fuska a kan kowane zane, mutum ya cike ta da abin da ya ga dama. Maman Agathe, shugabar matan, kifi ta sa a tata. Zézé tela ya sa allura.

To, Séraphin ya kwashi hotunan ya kai wani gidan nuni a Cocody, za a buɗe ƙarshen wata. Hoton tallar na Zézé ne, cikin doguwar rigar leshi da ɗaurin kai, yana dariya. A ƙasa an rubuta: "Maza masu son maza, mata masu son mata: fuskokinsu a karon farko." Kafin Zézé ya sani, hoton ya gama zaga wayoyin Yopougon, unguwarsu. Samarin unguwa suka same shi a shago, suka farfasa keken ɗinkinsa, suka karya masa yatsun hannun dama. Mai gidan haya ya watso masa kaya waje ana ruwa. Cocin da yake yi wa waƙa tun yana yaro sun aiko cewa ya huta tukuna. Yanzu yana kwana a ɗakin rini na Tsakar Gida.

Na kira Séraphin. Cewa ya yi, "Haba Amlan, har yaushe za mu yi ta ɓuya? Dole wani ya fara." Na ce, "To me ya hana ka farawa da taka fuskar?" Ya ce shi mai ɗauka ne, ba wanda ake ɗauka ba, ya kashe waya.

Ga abin da ya sa na rubuto da sauri. A cikin hotunan akwai namu ni da ke, kin ɗora kai a kafaɗata, hannuna a ƙugunki. Idan ya hau bango, zai iso Odienné kafin motar safe, Baba kuma yana kwance. Kada ki tayar da hankalinki. Ba zai hau ba. Ban san ta yaya ba tukuna, amma sai Séraphin ya ɗanɗana abin da Zézé ya ɗanɗana.

Ki ci abinci, kada jinya ta ramar min da ke.

Taki har kullum,
Amlan


Treichville
13 ga Mayu

Massandjé tawa,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan Baba yana samun sauƙi. Saƙonki ya iso, da man kaɗanyar. Kin ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Na ji, amma ban ɗauka ba.

Mun ga lauya. Ta ce muna da gaskiya, sai dai kafin kotu ta saurare mu an yi nunin an tashi, kuma dole kowa ya bayyana sunansa a gaban alƙali. Muka yi mata godiya.

Ran Lahadi muka yi taro, na kawo tawa shawarar. Kin san dangin Séraphin suna shirin zuwa ƙwanƙwasa ƙofar wani dattijon coci a Dabou, neman auren 'yarsa. Ni kuma ina da hotunansa da saurayin nan nasa na tashar jiragen ruwa. Na ce a tura wa dattijon, a tura wa limamin cocin, a bar samarin Dabou su ƙarasa aikin. Wallahi har na zaɓi waɗanda zan tura.

Tanti Bijou, babbarmu a ƙungiyar, tana tuyar ayaba, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, tun ana kirana Barthélémy nake shan duka a garin nan. Na san hannun da ke dukan irinmu. Ba zan ba shi aron sanda ba, ko a kan kare ne." Na ce, "Tanti, hannun Zézé fa?" Ta ce, "Da ido na gan shi. Ki nemo wata hanya, mai zafi, amma tamu."

Zézé yana gefe da hannu a ɗaure. Sai ya ce, "Ku daina faɗa a kansa. Ni a wurina ya mutu."

Tanti ta ajiye matsami, ta juyo a hankali. Ta ce, "Ya mutu? Yako, sannu da rashi, ɗana. To wanda ya mutu ai makoki ake yi masa."

Massandjé, da kin ga yadda tsakar gidan ta ɗauka! In akwai abin da muka iya ya fi buga zane, to makoki ne. Mutum nawa namu danginsu suka binne suka hana mu zuwa, muka kafa tamu rumfar muka yi kukanmu? Kuma kin san a garin nan babu ɗan sandan da zai tayar da rumfar makoki, ko a tsakiyar titi aka kafa ta. Za mu kafa tamu a ƙofar gidan nunin, ranar buɗewa.

Na haye ruwan lagun zuwa Abobo-Doumé na sami Maman Agathe a bakin murhu. Ita ma an ɗauki matanta ba da izini ba. Da na gama bayani ta yi dariya har hayaƙi ya sarƙe ta. Ta ce, "Yaron nan da ya ci kifina ya suɗe yatsa? Mata nawa kike so?" Na ce duk wadda za ta iya kuka. Ta ce, "Wadda ta yi shekara ashirin a gaban hayaƙi, ai hawaye ba ya yi mata wuya."

Mun fara buga ankon, baƙi da ja. Sunansa cikakke a ƙasa, Séraphin Gnagne. Da'irar da ake sa fuskar mamaci mun bar ta fayau. Ko shi ba za mu fitar da fuskarsa ba. Ni na so a sa, aka rinjaye ni, kuma yanzu da na ga zanen na yarda ya fi tsoratarwa a haka.

Ki gaida Baba. Ina kewarki, musamman da safe.

Taki,
Amlan


Treichville
1 ga Yuni

Abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi murna da jin Baba ya fara zama a waje. Ki zauna ki karanta wannan a tsanake, don an yi.

Tun da la'asar muka kafa rumfa, muka jera kujerun roba har suka toshe ƙofar. Matan suka iso cikin anko, fuska shafe da farar ƙasa, ƙamshin banda yana binsu har cikin furannin Cocody. A kan tebur muka ajiye firam babu hoto, da kyandir. Mai gadi ya zo zai yi magana, Tanti ta kama hannunsa ta fashe da kuka, ya cire hula ya ce mata yako, ya koma.

Zézé ne ya ɗaga waƙa, irin ta mutanensu Bete, wadda ake kiran mamaci da suna ana tambayarsa dalilin tafiya. Hannu a ɗaure, murya kuwa ba abin da ya taɓa ta. Matan suka amsa. Ni da na zo da mugunta a zuciya sai da tsigar jikina ta tashi.

Motoci suka fara isowa. Turawa suka tsaya suna kallo, sun ɗauka cikin shirin nunin ne. 'Yan ƙasa kuwa ba wanda ya iya ratsa makoki ya wuce. Kowa sai ya rage tafiya, ya gaisa, a ba shi kujera da ruwa. Wani mai kwat ya tambayi Tanti wa ya rasu. Ta nuna masa sunan a zanenta. Ya ce, "A'a! Ba shi ke nuni a ciki ba?" Ta ce, "Wancan mai kama da shi ne, ranka ya daɗe. Namu mai riƙon amana ne. Farkon Mayu ya rasu." Daga nan ta ba shi labarin hannun Zézé. Kafin magariba kujerunmu sun cika, ɗakin nunin babu kowa sai masu raba lemo.

Sai ga Séraphin ya fito a guje. Ya tsaya tsakiyar rumfa yana ihu, "Wane irin iskanci ne wannan? Ga ni nan da raina! Amlan, da ke nake!" Na kafa ido a kan kyandir. Ba wanda ya ɗaga kai. Maman Agathe ta ja mayafi ta ce wa ta kusa da ita, "Ke, kin ji wata iska mai sanyi ta wuce?" Waccan ta ce, "Haka suke yi in ba su san sun tafi ba." Na ji daɗi, Massandjé, daɗin da ban taɓa ji ba.

Abu ɗaya ne ba mu shirya masa ba. Ya gayyato mahaifiyarsa daga Dabou. Ta sauko daga tasi cikin kwalliya, ta karanta sunan ɗanta a jikin mata, ta yi baya za ta faɗi. Tanti ce ta tare ta, ta yi mata fifita, ta nuna mata shi tsaye. Tsohuwar ta ce, "Me ya yi muku haka?" Kalma ɗaya ta isa ta rushe shi a wurin, kuma tana kan harshena. Tanti ta ce, "Amana ya ci, Maman. Sauran ki tambaye shi a gida." Na haɗiye tawa kalmar.

Matar da ke da gidan nunin ta fito tana murza carbinta na coci. Ta ce makoki a ƙofar sana'a ranar buɗewa ba alheri ba ne, mu faɗi abin da muke so. Maman Agathe ta ce, "Fuskokinmu. Ba mu ba shi ba. In babu, gobe ma muna nan, mu makokinmu ba ya gajarta." Ashe ya gaya wa matar cewa kowa ya amince. Ta sa aka sauke hotunan duka, ta karɓi katin kyamararsa ta damƙa wa Tanti a gaban 'yan jarida. Namu yana ciki, babba, har an sa masa gilashi. Na daɗe ina kallonsa, kin yi kyau ƙwarai. Washegari muka ƙone su a murhun banda.

Ban yarda ba shi da wasu a ɓoye ba. Amma yanzu ya san mun iya kafa rumfa, kuma Dabou ba ta da nisa.

Ki kwana lafiya, fuskarki tana wurina ni kaɗai.

Taki,
Amlan


Treichville
16 ga Yuni

Massandjé,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida Baba. Na ji za ki dawo bayan Sallah, na fara share ɗaki tun yanzu.

Kin tambaye ni ko zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. An kwance wa Zézé hannu, likita ya ce manuniya da babban yatsa ba za su ƙara lanƙwasa ba. Hotonsa kuma yana nan a wayoyin mutane, ba murhun da zai ƙone shi. Yopougon ta haramta gare shi.

Shekaranjiya Séraphin ya zo. Ya rame. An fasa nunin gaba ɗaya, masu ba shi aiki sun daina ɗaukar wayarsa. Ya shigo da sabon keken ɗinki a kan amalanke, ya tsaya bakin famfo ya ce, "Salamu alaikum, jama'a. Na zo neman gafara." Muna cikin shanya zanen kurame na Adjamé, ba wanda ya dakata. Ya kira mu ɗaya bayan ɗaya da suna. Ya durƙusa gaban Zézé har goshinsa ya kusa taɓa siminti.

Tanti ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar kutuku, giyar nan ta gargajiya. Ta tsiyaya a ƙasa, dab da gwiwarsa, kamar yadda ake yi wa waɗanda suka riga mu. Ta ce, "Ko wane ne kai, mun yi maka abin da ya kamata. Ka sha ka wuce, kada ka dami masu rai."

Ya yi kuka sosai. Na auna zuciyata ko zan ji wani abu, ban ji ba. Da ya gaji ya tashi, ya kama amalanken zai juya da shi. Sai Zézé ya yi magana, ba da shi ba, da ni. Ya ce, "Amlan, a shigar da keken nan ciki kada ruwa ya taɓa shi. Mamaci ai yana barin gado."

Muka shigar. Shi kuma ya fita hannu wofi, ba wanda ya raka shi ƙofa.

Keken na ƙafa ne. Zézé yana takawa, ni ina riƙe masa bakin zane, ɗinkin yana fita a karkace, muna farkewa muna sakewa. Na ajiye miki yadi biyu na ankon. Idan kin sauka a tasha kika ga Séraphin, don an ce yana yawan zama a can, kada ki amsa gaisuwarsa. Na san taushin zuciyarki, shi ya sa nake roƙonki tun yanzu.

Sai kin iso. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya.

Taki ke kaɗai,
Amlan