Nonon Rabi

Daren Talata, 9 ga Rajab, Daura

Likita ya hana 'yata Hauwa shayar da ɗanta Sadiku. Wai maganin ciwon dajin da ake yi mata yana bin nono, zai cutar da yaron. Na yi ta gardama, na ce gidanmu ba a taɓa yaye ɗan wata huɗu ba. Hauwa ta kama hannuna. "Baba, ka bari in warke. Ina so in ga girmansa." Sai na haƙura.

Da la'asar Rabi, matar ɗana, ta haɗa shi da jaririyarta ta ba su nono. Ya ƙoshi har da barci, ɗan albarka.

Ni da nake tsokanarsu ango da amarya! Yanzu jariran nan sun sha nono ɗaya, babu aure tsakaninsu. Na rubuta don kada a manta bayan raina.