Kwamared a Bayan Labule

Kayole, Nairobi
Farkon watan Yuli

Zuwa ga matata Naliaka, Maman Nangila,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fata kina lafiya, ke da Nangila da Mama. Yaya tarin Mama, ya lafa? Masarar gonar bayan gidanmu fa, ruwan nan bai kwantar da ita ba? Ni lafiyata ƙalau, kada ganin takarda ya tayar miki da hankali. Na ba ɗan'uwana Wanyonyi ita hannu da hannu, tunda kullum motarsa tana kan hanyar Bungoma, don maganar ba ta waya ba ce.

Abin da zan fara da shi ba zai yi miki daɗi ba. Kada ku zo hutun Agusta kamar yadda muka shirya. Na yi baƙo, kuma ban san ranar tafiyarsa ba.

Kin san zauren nan namu na waya, wanda kike kira cocin marasa Allah, inda muke karanta littattafan gurguzu ran Lahadi, sauran kwanakin kuma mu ci mutuncin juna. Tun bayan zanga-zangar tsadar garin masara, wasu mutane masu farar mota marar lamba suke bi suna ɗauke waɗanda suka fi baki a intanet. Sun ɗauki biyu daga cikinmu, har yau shiru. Awuor, ma'aikaciyar jinyar nan da ke riƙe da zauren, ta tare ni a tashar babura ta ce akwai wani kwamared da ake nema, ko ina da wurin da zai kwana biyu. Na ce ina da shi, ban ko tambayi wane ne ba.

Washegari da rana sai ga ta da wani tsoho siriri, yana ɗingishi, riƙe da leda ɗaya. Sunansa Gathogo, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Bayan Awuor ta tafi ya dubi ɗakin, ya dubi babur ɗin da ke jingine a bakin ƙofa, ya ce, "To, kai ne Khaemba mai hannun jari." A nan na gane shi. Nyundo ne, Naliaka. Mutumin nan da ya sa wa kansa sunan guduma, wanda kika sha ganina ina dannar waya ina huci saboda shi har tuwon ugalina ya huce.

Kin tuna rigimar. Shi ne ya dage cewa duk wanda ya mallaki abin da yake neman abinci da shi ba ma'aikaci ba ne, ƙaramin ɗan jari-hujja ne, kuma ranar da abu ya ɓaci irinmu ne ke fara sayar da mutane. Da wannan hujjar ya hana a sa ni a kwamiti, saboda babur ɗin da muka sayar da saniyarki muka saya. Ni a raina ina ɗaukarsa wani ƙaton saurayi ne ɗan jami'a da ubansa ke biya masa kuɗin waya. Ashe tsoho ne sa'an Baba, mai ciwon sukari, wanda takalminsa ya fi nawa mutuwa.

Na bar masa gadon, na ja labulen nan mai furanni da kika ɗinka, ni ina kwana a ƙasa. Ki gaya wa Nangila aiki ne ya yi mini yawa. Ki gaishe da Mama da kyau.

Mijinki,
Khaemba

Kayole
Ƙarshen Yuli

Maman Nangila,

Ina gaishe ki, ina gaida gida duka. Wanyonyi ya kawo amsarki tare da gyaɗar da kika soya, na gode. Na ga inda kika ce in juyin juya halin ya zo a gaya masa ya biyo da littattafan makarantar Nangila. Na yi dariya.

Kwana biyun da aka ce, ga shi wata na neman cika. Matar da muke haya a gidanta ta fara tambaya, na ce mata kawuna ne daga gida, kuma kurma ne. Dole ce ta sa, don in ya buɗe baki kowa zai ji harshen Nyeri, ba na Bungoma ba. Ki duba wannan hukunci: mutumin da ke iya rubuta shafi goma a kan kalma ɗaya, yanzu in an ƙwanƙwasa ƙofa sai dai ya yi murmushi ya nuna kunnensa. Ba ya fita ko banɗaki sai tsakar gida ta watse. Na kashe wayarsa na jefa ta a masai tun ranar da ya zo, kuma ina jin da ƙafarsa na yanke da bai ji zafi haka ba.

In na dawo sai ya tare ni da raɗa, me aka ce a zaure? Abin da aka ce kuwa babu daɗin ji. Zauren ya rabe biyu. Wasu sun ce zanga-zangar gaggawa ce, an fito kafin talakawa su waye. Wasu sun ce masu faɗin haka matsorata ne da ke ɓuya a bayan littafi. Kowane ɓangare ya fitar da sanarwa, an yi ta gyaran sanarwar, an kori mutum uku saboda wata jimla. Na rubuta wa Awuor a keɓe cewa tsohon nan na bukatar wani gida da kuma likita. Ta ce an kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna, suka watse a kan wane ɓangare ne zai shugabance shi.

Shi kuwa so yake in riƙa rubuta martaninsa da sunana. Na ƙi, don ko makaho ya ji rubutun ya san na Nyundo ne. Ya yi fushi, ya wuni bai taɓa shayinsa ba. Amma kada in zalunce shi, ya iya dafa githeri, masara da wake, fiye da ni, kuma in na fita yakan wanke mini rigar aiki. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana Mombasa, ta daina ɗaukar wayarsa tun lokacin da ya ƙi zuwa bikinta don ta auri ɗan mai gidajen haya. Ya ba ni labarin kamar na wani yake bayarwa, sannan ya juya ya fuskanci bango. Na taɓa tambayarsa cikin wasa ko har yanzu ni ɗan jari-hujja ne. Ya ce ra'ayinsa bai canza ba, sai dai ya lura bargo ɗaya gare ni kuma shi ke rufa da shi.

Abin da ke damuna biyu ne. Wani ɗan miki ya fito masa a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa, har ya fara wari. Sannan ban iya yin nisa da babur, sai gajerun hanyoyi a cikin unguwa, don in na daɗe zuciyata takan ce mini sun zo. Ɗakin nan da kika san ya ishe mu mu uku, yanzu ji nake bangonsa na matsowa. Ba ni iya korarsa, ba ni iya barinsa, ba ni iya kiranki in ji muryarki.

Ki yi mana addu'a a cocinku na gaske, tunda namu ya shagala.

Naki har kullum,
Khaemba

Kayole
Tsakiyar Agusta

Naliaka tawa,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Wannan gajera ce, Wanyonyi na jirana a tasha.

Farar motar ta shigo layinmu. Ta tsaya gaban mai sayar da gawayi, suka yi ta tambayar ɗakin wani ɗan acaɓa da ya yi baƙo. Ba a jima ba kafin nan Awuor ta faɗa wa kwamitin unguwar da muke, don a turo likita. Likita bai zo ba, su suka zo. Ke nan akwai kunnensu a cikinmu, kuma ban san ko wane ne ba. Ƙafar Gathogo ta kumbura har idon sawu, jiya zazzaɓi ya sa yana kiran matarsa.

Zan roƙe ki abin da ba ni da hakkin roƙo. Wanyonyi ya yarda zai ɗauko shi a matsayin tsohon da za a kai gida jinya. Ina so ki karɓe shi ya huta a ɗakin ajiyar masara, sannan yayanki na Lwakhakha ya tsallakar da shi kogi zuwa asibitin mishan ɗin nan na ɓangaren Uganda. Babu wanda zai sani a zaure, har Awuor.

Na san abin da nake jawo miki. Ke ba ki taɓa karanta littattafanmu ba, ba ki yi wa kowa alkawarin komai ba, ga yarinya ga tsohuwa a hannunki. In kin ce a'a, wallahi ba zan riƙe ki a raina ba, ki gaya wa Wanyonyi kawai. Na faɗa wa Gathogo shirin, ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana rubutu a kan matan karkara bai taɓa tunanin ransa zai koma hannun ɗayarsu ba. Na ce masa ya ajiye wannan jawabin, in ya yi miki shi za ki sa shi surfen masara.

Ina jiran amsarki.

Khaemba

Kayole
Watan Oktoba

Zuwa ga Maman Nangila, abar alfaharina,

Ina gaishe ki gaisuwar da takarda ba za ta ɗauka ba. Yaya Mama, yaya 'yata? Ki yafe mini dogon shirun. Wanyonyi ya ba ni labarin komai: yadda kika wanke masa ƙafa da ruwan gishiri, yadda kika gaya wa maƙwabta mai wa'azi ne da ya ɓata hanya, da yadda aka yanke masa yatsu biyu a can amma ƙafar ta tsira. Ban san da bakin da zan gode miki ba.

Ga abin da ya same ni. Bayan tafiyarsa da kwana kaɗan masu farar motar suka zo da hantsi, suka ɓalle ƙofar, suka sa mini buhu a kai suka tafi da ni. Ba zan ba ki labarin wurin ba. Haƙarƙarina ya warke, kunnen hagu ne dai har yanzu yake ƙara. Na ce musu kawuna ne, ya koma gida ya mutu. Ba su yarda ba, amma suka watsar da ni a gefen hanyar Kangundo. Daga baya na gane dalili: sun sake ni ne don in kai su inda yake. Duk inda na juya akwai wani a bayana.

Da na kunna waya na tarar an riga an rubuta tarihina. Maƙwabta sun ga an ɓalle ƙofa, labari ya kai zaure cewa an ɗauke Nyundo daga ɗakina, ni kuma ga ni na dawo da ƙafafuna. An sa hotona, da sunana na gaskiya, da lambar babur ɗina. An tono tsofaffin rubuce-rubucensa a kaina ana yaɗawa, ana cewa dattijo ya hango tun da wuri. Ɓangarorin nan biyu da ba sa ga maciji, a kaina suka shirya.

Suka kira ni zaman bincike ta waya, mutum fiye da ɗari suna saurare. Awuor ce ta yi tambayar. Ta ce, "Kwamared Khaemba, ni na kai maka shi da hannuna. Ina yake?" Kalma ɗaya za ta wanke ni, Naliaka. Amma a cikin masu sauraren akwai wanda ya turo farar mota, kuma daga Lwakhakha zuwa ƙofar gidanki ba nisa. Na ce ba ni da abin cewa. Aka kaɗa ƙuri'a, aka cire ni.

Ban san zai yi mini ciwo haka ba. Mutanen nan su ne na kwana na tashi da su tun zuwana garin nan, su suka koya mini cewa talaucina ba laifina ba ne. Yanzu a tasha ma abokan aiki sukan ja baburansu gefe in na tsaya. Wani ya rubuta mini "maci amana" a kan tanki da ƙusa.

Kin ce Gathogo ya aiko cewa zai yi magana a ɗauka a waya, a saka a zaure don a san yana raye. Ki sa yayanki ya gaya masa ban yarda ba. Muddin ana zaton yana hannun masu farar mota ko ya mutu, masu neman nasa rabinsu sun saki jiki. In ya buɗe baki za a bi sawun muryar har gadon asibiti, daga can a biyo ta kanki. Ya yi haƙuri ya ƙara zama kurma, ai ya saba.

Ranar Asabar aka yi taron tunawa da shi a filin ƙwallo, da kyandirori da babban hotonsa. Na tsaya daga nesa. Ana watsewa wata mata ta tsayar da ni a cikin duhu, ta hau babur ɗina, sai da ta ambaci unguwar na gane Awuor ce. Da za ta sauka ta matso kusa da kunnena mai ji, ta ce, "In yana raye, kada ka gaya mini." Sannan ta ga wasu 'yan zaure biyu a bakin shago suna kallonmu, sai ta ɗaga murya ta zage ni, ta tofa yawu a gaban tayata, ta shige. Na ja babur na tafi, hawaye na zuba a cikin hular kwano, ban san na murna ne ko na baƙin ciki ba.

Kirsimeti ba zan zo ba. In na taho zan taho da masu bin sawuna ne, kuma ba zan kawo su ƙofar da Nangila ke wasa ba. Ku ma kada ku zo. Ban san yaushe abin zai ƙare ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar sa rana ba. Na sa wa Nangila takalmi a cikin jakar Wanyonyi. Na ƙiyasta girman ƙafarta ne da ka, in ya yi mata kaɗan ki rubuto mini, don in san yadda ta girma.

Ki gaishe da Mama, ki riƙe kanki da kyau.

Mijinki mai kewarki,
Khaemba