Ban Sa Hannu a Rushe Ginin Baba Ba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Rabi?

Kawu Sale yana so a rushe tsohon ginin marigayi Baba na bakin kasuwar Kazaure, inda ake sauke jaridun Kano. Wai bango ya tsage. Shi ne fa ya shafe ginin ƙasa da siminti, ruwa ya kwanta ciki. Azara da ɗaurin guga, wato bakan da ke riƙe da rufin, lafiyarsu ƙalau.

Ya kawo takardar amincewa da rushewar ya ce, "Sa hannu, 'yar boko." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri. A ɗakin nan na koyi karatu, kuma na karanta takardar, ba zan sa hannu ba."

Gobe magini zai ɓamɓare simintin, ya yi yaɓe. Takardar tana hanyarka, kada ka ba ni kunya.

A taya ni addu'a. Gaida yara.

Ƙanwarka,
Hadiza