Bado a Bayan Mile 12

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Yau ma masu baron kasuwar Mile 12 sun juye ruɓaɓɓen tumatir da tsoffin kwanduna a fadamar bayan gidanmu. Haka ake samun fili a Legas: ka ciyar da ruwa shara har ya ƙoshi, ka zuba yashi, ka kafa ɗaki. Masu unguwa sun ce iya inda na cike nawa ne. Ɗaki zan yi wa Inno, mahaifiyata. Tun da ta zo ganin likita take gadona, ni ina tabarma.

Laraba, 3 ga Yuli
Ruwa tun safe. Idrissa maigadi, mai ɗaki a gangare, ya zo wando a naɗe. "Oga Mahbub, ruwan da ka kora ya kama haya a ɗakina." Na ce ya ba shi notis. Ya yi dariya, rabi-rabi. Katifarsa na kan rufi.

Juma'a, 5 ga Yuli
Na kai Inno ta ga filinta. Ko kallo bai ishe ta ba. Bado ta hango can tsakiyar ruwa, fari fat.
"Kai ɗan nan, har nan ya biyo mu?"
Wai shekarar fari a Nguru, tana da cikina, shi suka yi ta ci. "Da shi aka gina ƙashinka."
Na ce Inno, wannan badon Yarbawa ne, bai san mu ba. Ba ta ji ni ba. Tana can Nguru.

Lahadi, 14 ga Yuli
Gyangyaɗi kan buhun albasa bayan azahar. Kasuwa duk ta zama tafki, motocin danfo na iyo kamar agwagi, kwandasta na kiran Nguru, Nguru. Wata yarinya a kwalekwale tana tsinkar bado, idonta irin na Inno. Na miƙa hannu, sai kwando.

Talata, 16 ga Yuli
Ashe a fadamar nan balbelu ke kwana.

Asabar, 20 ga Yuli
Na ce masu baro su riƙa kai sharar can bola. Ba don komai ba, wari ne ya dame ni. Bayana ma ya fi son tabarma. Idrissa ya sauke katifarsa, yana ta yi mini godiya, "merci, merci", kamar na yi wani abu.
Da safe na bi ta bakin ruwan, don hanyar ta fi kusa. To, ba ta fi ba.
Wani sabon bado ya buɗe, daidai inda ƙofar ɗakin za ta tsaya.